Yarinyar da ta bi maganarmu

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da muka kori yarinyar da mu da kanmu muka kira ba.

Lokacin ina jami'ar lafiya a yankin Faskari. Aikina shiga makarantun 'yan mata don wayar musu da kai kan kansar mama da ta bakin mahaifa. Tsarin shi ne mu fitar da malamai maza, mu rufe ƙofa, mu nuna musu yadda mace ke duba mamanta bayan ta gama al'ada. Kullum da magana ɗaya nake rufewa: "Duk wadda ta ji ƙullutu, ta zo asibiti. Ba mai yi mata dariya."

Ana cikin damina wata ɗaliba, Rabi'atu, 'yar aji biyar, ta hau mashin daga Mairuwa ta zo ƙaramin asibitinmu da kayan makaranta a jikinta. Ni ina ƙauye wajen rigakafi. Sista Larai ta tarar, wadda ta girme ni a aiki. Yarinya ta raɗa mata cewa ta ji ƙullutu a mamanta, ita kuwa ta ɗaga murya gaban masu jiran awo:

"Ke, budurwa da ke, mi ya kai hannunki nan? Ko wani ne ya ji maki shi?"

Mata suka tuntsire da dariya. Rabi'atu ta ja hijabi ta fice.

Mai sharar asibiti ce ta ba ni labari da na dawo. Na sami Sista na ce, "Yaya, ni na ce mata ta zo." Ta taɓe baki ta ce wasa take, yaran yanzu ba su da fata. Na kai ƙara wurin shugaban sashenmu, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ta kusa ritaya." Shi ke nan, ko kiranta bai yi ba.

Washegari na je Mairuwa. Magana ta riga ni isa. Uwar yarinyar ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Kun kira ɗiyata kun kunyata ta, yanzu kuma mi kuke so?" Sai da na durƙusa na ba da haƙuri kafin ta bari na kai Rabi'atu babban asibiti. Aka duba, aka cire ƙullutun, ba kansa ba ne, alhamdulillahi.

Amma da na koma makarantar, ina magana ɗalibai suna kallon ƙasa. Har zangon ya ƙare ba wadda ta sake tako asibitinmu, kuma Allah kaɗai ya san wadda ta ji wani abu a jikinta ta yi shiru.

Ku da kuke shigowa aikin nan, kafin ku ɗauki lasifika zuwa makaranta, ku fara gyara bakin wadda ke zaune a teburin karɓar marasa lafiya. Yarinya sau ɗaya take iya yin wannan ƙarfin halin.