Mutumin da Bai Taɓa Ganin Ƙarshen Fim Ba

Shekara ashirin da tara Barba Anestis ya yi yana gaya wa mutanen tsibirinmu yadda fim zai ƙare, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ganin ƙarshen ko guda ɗaya ba. Ni shaida ne, don ni ke riƙe da majigi a ɗan ɗakin da ke saman kansa.

Silimar tamu tsohuwar ma'ajiyar zaitun ce da Kiriya Evlambiya ta gada a wajen mijinta, ta zuba mata kujeru ɗari da ashirin. Duk Asabar jirgin ruwa kan kawo fim daga Atina, babban birnin ƙasarmu, cikin gwangwanaye biyar ko shida, mu haska ranar Lahadi da la'asar, bayan an fito coci, an ci, an yi barcin rana. Barba Anestis ke da ɗan kantin da ke bayan bangon zauren. Gahawa yake sayarwa, da lemo, da soyayyun 'ya'yan kabewa a ƙunshin takarda.

Da yana yaro ya yi shekara uku a babbar makarantar birni, sai mahaifinsa ya rasu aka dawo da shi kiwon awaki. Bai dawo da takardar shaida ba, amma ya dawo da labaran kakanninmu na zamanin gumaka kaf a kansa. Halinmu kuwa kowa ya sani. Famfon bakin kasuwa ya shekara huɗu ba ya ɗigo, amma tambayi duk wanda ke zaune a gefensa, zai gaya maka kakanninmu ne suka koya wa duniya jan ruwa. To Barba Anestis shi ne limamin wannan ɗariƙa.

Fim ɗin soyayya ko na 'yan bindiga bai dame shi ba. Amma a ce an kawo na sararin sama, mai kumbo da mutum-mutumi, ranar sai ya sa farar riga. Zai tsaya a bakin ƙofar kantinsa ya kalli rabin farko hannu a ƙugu, yana girgiza kai kamar wanda ya ga akuyarsa a garken maƙwabci. Da na kunna fitila don hutun rabin lokaci, layi ya kafu a gabansa, sai huɗuba ta tashi. Wannan ƙaton na ƙarfe da ke gadin duniyar can, in ji shi, namu ne, ƙaton tagulla ne da ke zagaya tsibiri yana jifan jirage. Wannan masanin da ya sato sirrin halitta, ai shi ne wanda ya sato wa mutane wuta, aka ɗaure shi a dutse gaggafa na cin hantarsa. Matar da ta buɗe akwatin da aka hana buɗewa kuwa, ko kunya Amurkawa ba su ji ba, tulu kawai suka mayar akwati. Daga nan sai ya yanke hukunci: wane zai mutu, wance za ta haukace, kumbon zai ƙone. A labaran kakanninmu, duk wanda ya ɗaga kai sama da matsayinsa sai ya ji a jikinsa.

Tsakani da Allah, a rabin farko mutumin nan ba ya kuskure. Tsofaffin da ba sa iya bin rubutun da ke gudu a ƙasan hoto a bakinsa suke fahimtar fim. Matsalar ita ce Amurkawa ɓarayi ne masu taushin zuciya. Su saci labari tun daga kai har ƙugu, in an zo wajen hukunci sai su ji tausayi, su sa a yi rungume-rungume a busa ƙaho.

Shi kuwa ba ya ganin wannan. Dokar Kiriya Evlambiya ce a rufe ƙofar kanti da an koma kallo, don hasken na ɓata hoto. Yana can ciki yana wanke kofuna da share ɓawon kabewa har a tashi. In mutane sun fito, zai leƙo ya ce, "To?" Su ce, "Yadda ka faɗa, Barba."

Mutum ɗaya ne ya taɓa gaya masa gaskiya, wani masunci Stamatis, tun a shekarar farko. Shekara guda cur Stamatis na shan gahawa ba kumfa a kai, wanda a wajenmu gara a zagi mahaifiyarka. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Da farko tsoro ne, daga baya ya zama abin dariyar gari, har ya koma al'ada kamar azumin kafin Ista. Kuma in za a faɗi gaskiya, mu ma muna jin daɗi. Wa zai so ya yarda cewa wasu can da ba su da kakanni sun gyara wa namu labari?

A shekara ta talatin gwiwarsa ta ƙi. Likita ya hana shi tsayuwa, 'yarsa Fotini ta karɓi kanti. Sai ya sanar a dandali cewa Lahadi mai zuwa zai zauna a layin gaba, tun daga farko har rubutun ƙarshe, ya ga da idonsa yadda ɓarayin ke kammala sata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma namu mun shekara ashirin da tara muna faɗaɗa shi, har mun manta yana da ƙarshe.

Ranar Asabar Kiriya Evlambiya ta sa na haska mata fim ɗin mu biyu. Kamar da gangan, na sararin sama ne. Wani tsoho ya ƙera kumbo, ya gargaɗi ɗansa kada ya kusanci rana, yaron ya ƙi ji. Ko jaririn tsibirinmu ya san wannan, labarin yaron da ubansa ya yi wa fukafukai da kakin zuma ne, ya yi sama, kakin ya narke, ya faɗa teku. A gwangwani na biyar kumbo ya kama da wuta, uban ya durƙusa yana kuka. A na shida sai ga yaro ya sauko lafiya lau, ko gashin girarsa bai ƙone ba.

Abu ɗaya muke tunani, ni da ita. Barba Anestis na da ɗa, Lukas, wanda ya shiga jirgin dakon kaya ba da son ubansa ba, shekara goma sha takwas da suka wuce. Teku ba ta dawo da ko takalminsa ba.

Kiriya Evlambiya ta ce in ajiye na shida. Na ce mata ni ban taɓa yanke fim ba, ko lokacin da limamin coci ya matsa a cire sumbace-sumbace ban cire ba. Ta ce, "Zisis, ɗana, so kake ka ƙaryata tsoho a gaban gari, kuma ka nuna masa ɗan wani ya dawo? Ajiye na shida." Na ajiye, raina a ɓace.

Ranar Lahadi zauren ya cika har da na tsaye. Kowa ya san shirin sai shi. A hutun rabin lokaci bai iya tashi ba, sai layin ya zo gabansa. Ya ɗaga sanda ya nuna farin bango, ya ce yaron nan gawa ne, kakin zuma ne kawai aka mayar ƙarfe. Mutane suka gyaɗa kai da ƙarfi fiye da kima.

Da uban ya durƙusa, na kashe majigi na kunna fitila. Tafi ya ɓarke. Ban taɓa ganin munafunci mai tsari irin na ranar ba. Stamatis da kansa, yanzu ya tsufa, ya zo ya sumbaci Barba a kumatu biyu yana cewa annabi ne. Wata yarinya ta tambaya ina rubutun ƙarshe, uwarta ta mintsine ta. Barba Anestis ya karɓi gaisuwa kamar sabon magajin gari, Fotini ta riƙe shi suka tafi. Muka ce alhamdu, asiri ya rufu.

Litinin da safe ina ɗaure gwangwanaye don a mayar wa jirgi, sai na ji ƙarar sanda a matakala. Hawa goma sha huɗu ne, kuma ya hau su ɗaya bayan ɗaya da wannan gwiwar. Ya zauna a kan akwati yana haki.

"Shida jirgi ya kawo," ya ce. "Biyar ka haska."

Na fara kame-kame, wai na ƙarshen ya lalace a hanya.

"Kai yaro, rufe min baki. Bangon nan idona ya tare, ba kunnena ba. Shekara ashirin da tara ina wanke kofi ina jin ana busa ƙahon murna. Ka taɓa jin an busa wa gawa irin wannan? Ku kuna yi min ƙarya, ni ina taya ku, kowa na samun abin da ya zo nema. Jiya kaɗai na zo in gani, kuka hana ni."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya ce in sa na shida. Na taimaka masa ya sauka, ya zauna shi kaɗai a tsakiyar kujeru ɗari da ashirin, na rufe tagogi na koma sama.

Minti goma sha bakwai ne. Ƙofar kumbo ta buɗe, hayaƙi ya washe, yaron ya fito da ƙafarsa. Uban ya ɗago kai, ya ruga. Ta ramin majigi ƙeyar Barba kawai nake gani, ba ta motsa ba har rubutu ya gama hawa.

Na sauko na same shi yana share fuska da hularsa. Ya ce ƙarya ce tsagwaronta, wanda ya kusanci rana ba ya dawowa, kakanninmu ba wawaye ba ne. Na ce haka ne, Barba. Ya ce in kuskura wani ya ji ya zo nan, in ga yadda zan ƙare da shan gahawa a garin nan. Na ce ba mai ji.

Ya jima yana kallon farin bangon. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Na ce sha biyu.

"Da saura," ya ce. "Mayar da shi baya. Daga inda uban ya ɗago kai."