Zanin Tsani a Igiyar Inna

A duk tarihin fafutukar ɗan Adam ta neman 'yancin faɗin albarkacin baki, ban san fagen da ya kai igiyar shanyarmu ta unguwar Ammariyya a ƙasar Makka daraja ba. A kanta ne, wata safiya a farkon 1984, Inna ta shanya zanin da ƙanwarta ta kawo mata tsaraba daga Kano lokacin Hajji, atamfar jam'iyya mai hoton tsani da kan wani mutum mai murmushi. Ni na miƙa mata shi daga bokiti, ina ɗan shekara tara, hankalina na kan ƙwallon da ake bugawa a lungu. Inna ba ta san sunan mutumin ba. Abin da ta sani, atamfar ba ta zuba.

Wanda ya san shi maƙwabcinmu ne, Malam Ilu mai gyaran takalma a Bab Makka, da ya baro gida tun tuni amma ya taho da ƙiyayyar 'yan tsani sabuwa fil. Saman bene ɗaya muke shanya, famfo ɗaya muke layi. Ya tsaya bakin matakala ya ce, "Hajiya, nan ba Kano ba ce. Sauke ɓarawon nan ko in kira askarawa." Bai yi ƙarya ba, ƙasar ba ta lamunci tuta ko hoton siyasa ba, ko da na garin wasu ne. Inna ta ce, "In ya bushe, Malam." Baba, wanda bai taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar izinin zama, sai ta wani, ya roƙe ta ta sauke, ya roƙe shi ya bari. Zanin ya bushe kafin azahar, ta bar shi yana kaɗawa don Malam Ilu ya ƙoshi da kallo.

Bayan la'asar askarawa biyu suka hawo, Malam Ilu a gaba yana nuni kamar jagoran alhazai. Ko kallon igiyar ba su yi ba. "Iƙama," suka ce wa Baba. Sannan suka juya ga mai ƙarar: "Kai ma ba ka da ita? Yalla, mu je." Mota ɗaya ta kwashe su, jirgi ɗaya ya sauke su a Kano, mu muka biyo baya.

Yau fastocin 'yan takara sun rufe ƙofar gidana, ba wanda ya nemi izinina, ba askar ɗin da zai zo. Ni kuwa saman benen nan nake kewa, da iskar teku, da Baba kafin ya daina dariya.

Jam'iyyar tsanin dai sojoji sun rushe ta tun kafin Inna ta jiƙa zanin.