Kwantena Biyu na Safar Hannu da Hoton Janar

Abin da na ɗora a kan wannan tafiya shi ne jarin da na tara tun daga Kantin Kwari, da shagona na unguwar Masjid India a nan ƙasar waje da nake zaune, da bashin dala da zan ci in cika kuɗin kwantena biyu na safar hannu ta roba. Lokacin korona ne, duniya na rububin safar. Mai ba da bashin ya ce sai ɗan gari ya tsaya mini. Mutum ɗaya na sani, Pak Daud, mai gidan abinci a unguwar Titiwangsa.

Pantai Dalam

Na fito daga gidanmu a unguwar Pantai Dalam bayan sallar asuba. Matata, Maman Sadiq, ta miƙo mini takunkumi ta ce, "Alhaji, idan ya ƙi, kada ka matsa wa dattijo."

"Wa ke ƙin riba?" na ce.

Da yake an hana zirga-zirga, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai da takardar 'yan sanda. Na shiga jirgin ƙasa, mu huɗu ne a taragon, kowa ya kama kusurwarsa.

Hanyar Titiwangsa

Daga tasha na ɗauki tasi. A shinge ɗan sanda ya juya takardata, ya tambayi dalilin fitowa. Direban ya riga ni, yana haɗawa da yarensu: "Makan, tuan, abinci zai saya." Ya ɗaga mana hannu. Ringgit goma sha biyu na biya.

Gidan Pak Daud

An kifa kujeru a kan tebura, sai dai a ƙunsa maka ka tafi. Pak Daud mutumin kudancin Tailan ne, ya daɗe a nan har ya samu takardun zama. Ya zuba mini shayi, na zayyana masa lissafina. Sai ya nuna wani tsohon hoto a saman akwatin kuɗi, na wani soja mai murmushi.

"Ka san shi, Haji?"

"Surukinka ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce janar ne a ƙasarsu. Lokacin da 'yan tawaye suka cika daji, yana cikin waɗanda suka ce a bar harbi, a yi musu afuwa. Ta haka yayan Pak Daud, wanda ke cikin 'yan tawayen, ya dawo gida da ƙafarsa. Da janar ya tuɓe kaki ya kafa jam'iyya, ƙauyensu kaf shi suka zaɓa, har ya zama firaminista.

"A zamaninsa na ci bashin dala na gina ma'aikatar roba. Gwamnati ta tsaya kai da fata kuɗinmu ba zai faɗi ba. Na yarda, don na ga abin da ya yi a daji. Da kuɗin ya faɗi, bashina ya kusa ninkawa. Shi ya sauka daga mulki, ni na zo nan ina wanke kwanuka."

"To me hoton yake yi a nan? Godiya ko haushi?"

"Har yau ban raba ba. Ya ba ni ɗan'uwa, ya ci mini ma'aikatar."

Ya ce ba zai sa hannu ba. Na roƙa, na ma ɗaga murya, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Ya ƙunsa mini shinkafa ta mutum biyar, ya ƙi karɓar ko sisi.

Komawa

Na isa gida kafin la'asar. Da kuɗin hannuna na sayi kwantena ɗaya. Kafin ta isa Legas farashi ya karye, kashi ɗaya cikin uku na jarina ya tafi. Da biyu ne, da shagon ma ya tafi. Na gode wa Allah, na gode wa Pak Daud. Shagon yana nan, ni ke buɗe shi kullum da safe.