Riƙon Inna a Ƙofar Dundaye

Ban yi famfara ba tukuna sa'ad da muka shigo Sakkwato. Nasara bai daɗe da cin ƙasa ba, kuma damina ta yi gardama a ƙauyenmu, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Mahaifinmu an ɗebe shi cikin masu ɗaukar kaya zuwa kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyata ta goya ƙanena, jariri, ta ja hannuna muka bi ayarin masu neman abinci zuwa birni. Da zazzaɓi ta shigo. Wani baduku a Ƙofar Dundaye ya gan ta tana tangaɗi a bakin zaurensa, ya kira matarsa ta shigar da mu. Matar ta yi jinyarta iyakar ƙoƙari, amma kwana ya ƙare.

Wannan baduku shi na tashi ina kira Baba, matarsa kuma Inna. Sun manyanta a lokacin, 'ya'yansu mata duk sun yi aure, gidan ya zama daga su sai fatun akuya da ke shanye a kan igiya.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mai unguwa ya zauna da dattawa a zaure don a san yadda za a yi da mu. Aka yanke cewa ni a kai ni gidan wani mai sayar da tufafi, jaririn kuma a ba wata mai goyo a can wata unguwa. Inna tana tsaye bayan ƙofa tana ji. Sai ta yi gyaran murya.

"Malam, uwassu ga hannuna tac cika. Biyu tab bar min, ba guda ba."

Mai unguwa ya ce, "To, da mi za ki shayar da ƙaramin?"

"Wanda yak kawo su ƙohwata ya san ba ni da nono."

Aka dubi Baba. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Kun dai ji ta."

Mai unguwa bai bar maganar a zaure ba. Ya kai Baba gaban alƙali, ni ma aka tafi da ni. Alƙali ya tambaye ni sunan mahaifina da na ƙauyenmu, na faɗa. Ya damƙa mu amana ga Baba a gaban shaidu, ya ce da sunan mahaifinmu za a riƙa kiran mu, kada asalinmu ya ɓace. Ya sa a riƙa ba gidan rabo daga hatsin zakka da liman ke rabawa, ya kuma ɗora wa mai unguwa alhakin leƙa mu.

Matar mai unguwa ce ta zagaya ta samo mata masu goyo da suka yarda su shayar da ƙanena. Safe da yamma Inna za ta goya shi, ta shiga wannan gida ta fita ta shiga wancan, ina biye da ita riƙe da bakin zanenta. A shekarar yunwa ne, matan nan su kansu ba ƙoshi suke yi ba. Inna takan tafi musu da ɗan kunu daga cikin rabonmu. Daga baya wani mahauci ya aiko da akuya mai ɗa, aka samu sauƙi. Inna ba ta manta ko ɗaya daga matan ba. Da ƙanena ya zama saurayi, duk yarinyar da ya ƙyalla ido a unguwa sai ta ce, "Wagga ƙanwarka ta, ka sha nonon uwatta." Dole sai bayan gari ya je ya nemo mata.

Ni ce na fi ba su wahala. Na daɗe ba na magana. Ina fitsarin kwance. In an ba ni tuwo, sai in ci rabi in cusa rabi ƙarƙashin tabarma, har ɗaki ya fara wari, tururuwa ta yi hanya. Ranar da Inna ta ɗaga tabarmar, na rufe kaina da hannu ina jiran duka. Ta share wurin, ta ɗauko wata 'yar ƙwarya da faifai ta ajiye a gefen shimfiɗata.

"Wagga taki ta," in ji ta. "Abin da kika so ki aje ciki. Ba mai taɓa miki."

Ba a taɓa ba kuwa. In abin ya lalace, tare muke zubar wa kaji. Ban san ranar da na daina ajiyewa ba.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Yakan zaunar da ni kusa da shi yana ɗinkin jaka, ya miƙo mini guntayen jar fata in yi wasa. Shi ya ɗinka mini takalmin farko da na taɓa sawa.

Matar mai unguwa takan zo ba sanarwa, ta ɗaga rigata ta duba haƙarƙarina da bayana, ta buɗe bakin ƙanena. Wata maƙwabciya ta ce wa Inna wannan ai raini ne. Inna ta ce, "Bar ta ta duba. In na gaza, gara a samu mai gani." Wani zuwan kuma matar ba ta duba mu, sai ta karɓi goyon ta ce Inna ta je ta kwanta.

Ƙanena ya isa kiwon awaki sa'ad da wani mutum ya yi sallama da ƙurar tafiya a ƙafarsa. Ƙanen mahaifinmu ne. Ya daɗe yana cigiya. Ya ce ya zo ya tafi da namijin, ni kuma ba shi da halin riƙe ni. Inna ta shiga ɗaki, na ji tana kuka, karo na farko da na ji. Duk da haka ta fito ta yi masa tuwon shinkafa, ta sa aka yi masa shimfiɗa a zaure.

Baba ya ce mata, "Jininsa ne. Ba mu da ikon hana shi. Amma alƙali yab ba mu su, can za mu mai da magana."

A gaban alƙali Baba bai kushe baffanmu ba. Ya ce mutumin kirki ne, tun da ya tako har nan. Abu guda ya roƙa, kada a raba mu. Alƙali ya saurari mai unguwa, ya saurari baffa, sannan ya yanke cewa mu ci gaba da zama inda muke. Baffa shi ne waliyyinmu, ya riƙe gonar mahaifinmu amana, in yaron ya yi ƙarfi ya riƙa zuwa noma da damina. Baffa ya ce ya yarda. Ina jin shi ma sauƙi ya samu.

Da kaka ta yi, Inna ta ce ita za ta kai mu mu ga danginmu. Da ciwon gwiwarta ta hau jaki muka tafi. A ƙauyen ba ta zauna ba. Ta bi tsofaffin mata ɗaya bayan ɗaya tana tambayar su yadda mahaifiyarmu take, domin ita a kwance kawai ta san ta. Suka ce bahaguwa ce, ta iya daka da waƙa, in ta yi dariya sai ta dafa kafaɗar na kusa da ita, kuma ba ta cin kuɓewa.

A hanyar komowa ƙanena yana gaban Inna a kan jaki, ni ina tafe a gefe. Ta riƙa maimaita mana abin da ta ji, tana sa mu faɗa bayanta, har muka hango ganuwar birni.