Yaya Tanko da Kyasbin Marke

Duk wanda ya san yayana Tanko ya san ba ya wuce tsohuwar bishiya bai yi sallama ba. Ba ita yake gaisarwa ba fa, wannan abin ne mai ruwan toka da ke mannewa a ɓawo faffaɗa, wanda muke kira kyasbin itace. Shi kuwa "baƙina" yake ce musu, kuma ka kuskura ka ce kyasbi a gabansa, kun ɓata ke nan har kaka.

A shekarun fari, lokacin da ruwan sha ma sai an yi layi a rijiya, na kama shi yana guntsar ruwan butarsa yana fesa wa marken da ke iyakar gonarmu.

Na ce, "Yaya, ruwan alwalar ne kake wa itace wanka da shi?"

Ya ce, "Yi shiru, za su farka."

Ina tsaye abin ya rikiɗe daga toka ya koma kore shar. Wallahi ban ƙara bi ta nan ni kaɗai ba.

Da masu gatari suka cinye itatuwan karkararmu, sai ya ɗauki sanda ya tafi cigiyar baƙinsa. Ya zaga har wajen Makoda, ya dawo ƙafa duk faso.

"Sun yi ƙaura," in ji shi. "Daga nan har can babu ko ɗaya, sai na markenmu."

Na ce, "To ina suka nufa?"

Ya dube ni ya ce, "Ba su ce in faɗa maka ba."

Rannan masu itace suka zo taya marken, ga rumbu wayam. Yaya ya je ya jingina da shi ya miƙe ƙafa. Matarsa Ladi ta aika masa cewa, "Malam, baƙin naka za mu dafa?"

Ya ce, "Ku gaya mata su ba su taɓa cewa za su dafa ta ba."

Muka sha dariya da yunwa a cikinmu, marke kuma ya tsira.

Ranar da Yaya ya rasu aka gama haƙa kabari, aka nemi itacen da za a jera a rufe shi, aka rasa. Duk faɗin gonakin nan ba sauran reshe mai kauri sai a marken. Ni na ɗauki gatari, ina sara ina hawaye. Mai jera itacen kuwa, ba wanda ya ce masa komai, ya riƙa juya gefen da baƙin nan suke manne yana kallon Yaya.

Kututturen bai sake toho ba, ni kuma ban ƙara ganinsu a ƙasarmu ba.

Allah ya jiƙanka Yaya, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka inuwar da ba mai sare ta.