Ƙwayoyin da ke rabuwa a ƙirjin Inna

Darasin da na fi iyawa a lise, wato babbar sakandare, shi ne rabuwar ƙwayar halitta. Har yau in an ba ni alli zan zana shi. Da farko zaren da ke cikin ƙwayar ya yi kauri har a iya ganinsa. Sannan ya jeru a tsakiya kamar sahun salla. Sai a ja rabi dama, rabi hagu. A ƙarshe, in ta dabba ce, ta tsuke a ƙugu ta tsinke biyu. In ta tsiro ce, ta gina bango a tsakiya. A saiwar albasa mushe, malaminmu, ya nuna mana, muna layi bayan madubin ƙara girman abu guda ɗaya.

Shekara biyu da barina makaranta, Inna ta nuna mini wani ƙullutu a mamanta na hagu. Tun kafin shuka yake nan, ta yi shiru, ga shi gero har ya fara fidda kai. Na yi mata faɗa kamar ni na haife ta. Washegari na ɗora ta a kabu-kabu daga Tsibiri zuwa Maraɗi.

Aka yi gwaji, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma, likitar da ta karɓe mu Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai ta yi mini bayani da Faransanci: ciwon daji ne, ƙwayoyin wurin suna rabuwa ba tsayawa, a kai Inna Yamai cikin watan nan.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

Ni da ba a raba ni da faɗin magana gatsal, ranar bakina ya ƙi furta daji. Na ɓuya a bayan darasina.

"Inna, jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne. Na wurin nan suna rabuwa, da sauri ƙwarai."

Fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi! To su rabu mana. Allah shi raka taki gona." 

Ta ƙara da cewa, "Su rabu, kowa ya kama gabansa." Har ta kama hannun likitar tana godiya. Likitar ta yi murmushi, tana zaton ƙarfin hali ne.

A bakin asibitin na tsayar da ita. "Ba irin wannan rabuwar ba, Inna. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu."

"Ke, ni za ki koya wa rabo? In na raba dunƙulen fura biyu, ƙaruwa yake ko raguwa?"

"Kowane rabi yana sake girma ya cika kafin ya kuma rabuwa!"

"Wace fura ce ke cika kanta?"

Wannan matakin na sake girma, a aji ma da gudu muka wuce shi, don babu abin zanawa a cikinsa. Na tsaya cikin rana, ƴan kabu-kabu na ta yi mana oda, na rasa misali ko guda. Sai na fashe: "Daji ne, Inna! Daji!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗazu gaban likita ba haka kika ce ba. Da muka fito ne kika zama likitar?"

Kafin mako labari ya gama unguwa: ciwon Inna yana rabuwa. Ƙanwarta ta taso daga Jiratawa da ƙwaryar nono ta zo barka. Na ja ta bayan rumbu na gaya mata gaskiya, ta ce, "Ɗiyata, bar yi wa uwarki baki." Na kai wa Baba takardar. Bai iya karanta ta ba, ya ce matarsa da kunnenta ta ji, kuma wa ke tafiya Yamai gero na tsaye? Na yi ihu, na yi kuka, na ƙi cin tuwon Inna kwana biyu. Ta ajiye mini shi a rufe.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu. Wata safiya na tarar da Inna a gindin turmi, taɓarya a ƙasa, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Je ki tambayo mana motar Yamai."

Likitan Yamai Bahaushe ne, bai buƙaci tafinta ba. Ya ce da ni in jira a waje, Inna ta ce in zauna. Ya gaya mata abin ya kai hammata, ya kai huhu, aiki ba zai yi amfani ba yanzu, amma akwai maganin da zai rage zafi. Ta saurara har ya gama. Ta gyara mayafinta da hannun dama, ta tambaye shi ko za mu samu motar Maraɗi ta yau.