Farin Tsumman Baba

A layin kanikawan da ke bayan tashar mota, in ka tambayi Mai Kunne, ko mai sayar da ruwan sanyi zai nuna maka rumfarsa. Mahaifina ne. Tun yana saurayi sunan ya bi shi, saboda mota na shigowa layin zai faɗi ciwonta kafin direba ya kashe ta. Da sifana ya ciyar da mu, da ita ya kai mu makaranta, kuma ban taɓa ganin ƙasan faratansa babu baƙi ba, ko a ranar aurena.

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da masu gaggawa. Ba ya rufe bonet sai ya zaro farin tsumma daga aljihu, ya goge duk inda ya yi aiki, ya ɗaga shi a rana ya duba. In ya fito fes, a sauka lafiya. In ya ga ɗigon mai, aiki ya dawo sabo, ko da mai mota zai yi birgima a ƙasa. Tsofaffin zannuwan gadon Inna duk a rumfar nan suka ƙare, har ta koma ɓoye sababbin.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, amma in aka yi ta jan ƙafa zai iya rasa ganin gaba ɗaya. Baba ya ce ba mahaluƙin da zai kai masa wuƙa ido. Yaya ya lallaɓa, Inna ta yi kuka, ni na yi fushi na kwana biyu ban leƙa gidan ba, shi kuwa ya yi kunnen uwar shegu da mu duka. "Ni da kunne nake aiki," in ji shi. Mutumin da rannan ya yi wa tulin tayoyi sallama, ya zaci maƙwabcinsa mai walda ne a zaune! Mun yi dariya, amma ni tsoro ne fal cikina.

Ina da 'yar mota da nake kai wa makarantu kayan da na ɗinka. Bel ɗin taimin ɗinta ya tsufa, wato robar nan mai haƙora da ke sa sassan inji su yi tafiya tare. Baba ya ce ba wanda zai taɓa motar 'yarsa sai shi. Ya sa sabo, ya goge da tsumma, ya ɗaga sama, ya ce fes. Ba a yi sati ba, ina tsakiyar hanya motar ta kama kakkarwa, ta yi tari, ta mutu. Da igiya aka ja mu zuwa rumfarsa.

"Tayar mu ji, Uwata," ya ce da ni. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na murɗa makulli. Ya karkata kai, ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Bel ya tsallake haƙori. Allah ya rufa asiri bai yi ɓarna a ciki ba."

Mai walda ya leƙo da tabaransa a goshi. "Jabu suka sayar maka, Mai Kunne. Kayan yanzu ai sai addu'a."

"Kai dai je ka ji da tartsatsinka," in ji Baba.

Ya kwance murfin, ya bi bel ɗin da yatsu. Ba jabu ba ne. Ya danna 'yar tayar da ke ɗaure shi, tana nan daram. Daga nan ya shafa haƙoran, ya murza yatsunsa, ya kai hanci. Na ga hannunsa ya hau sama a hankali har ya tsaya a kan robar da ke tare baƙin mai. Ta tsage, mai na tsatsa yana sauka a kan sabon bel, shi ya sa yake zamewa.

Sai ya zaro tsumma, ya goge wurin, ya ɗaga shi a rana kamar kullum.

"Uwata, me kika gani?"

"Mai ne, Baba. Ya ɓata shi sosai."

"Ni fari nake gani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rannan ma fari na gani, na rufe bonet, na miƙa wa 'yata makulli. Da a babban titi ta mutu miki, babbar mota na biye da ke fa?"

Na ce ai Allah ya kiyaye.

Ranar ni na zama idonsa. Ya sa sabuwar roba, ya wanke wurin tas, ya aika aka kawo wani bel, don ya ce wanda ya sha mai ya gama yawo. Shi yana juya inji da hannu, ni ina gaya masa in alamomin sun hau kan juna. Da ya gama ya goge, ya miƙo mini tsumman. Na ce fes. Motar ta tashi tana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Maimakon ya koma kan bencinsa, sai ya wanke hannu, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Ina za mu, Baba?"

"Kai ni wurin mai wuƙar nan naku, kafin in sake shawara."

Na ja mota ina share hawaye da bakin mayafi. Abin da roƙonmu ya kasa, robar da ba ta kai zoben murfin kwalba ba ta yi shi. Lallai wani hani ga Allah baiwa ne. Bel ɗin da ya zame yana rataye a shagona, saman keken ɗinki, kuma duk wanda ya tambaya nakan ce masa abokin arziki ne.

Ranar da aka cire masa bandeji ina tsaye a gefen gado. Ya ƙifta ido, ya dubi Inna, ya dubi Yaya, sannan ya ƙura mini ido har na tsargu.

"Uwata," ya ce, "yaushe kika yi furfura ban sani ba?"